Ɗinkin Bakin Buhu

Ranar Laraba da ƙarfe huɗu na yamma aka rufe ofishin rantsuwa na kotu, Lamba Tara ba ta sa hannu ba. Da wannan, aurenta da Auta ya tsaya, saura kwana goma sha biyu a ɗaura. Kwantena shida na riɗi kuma suka ci gaba da zama a tashar jiragen ruwa, jirgin da zai ɗauke su yana shirin tashi ranar Juma'a.

Lamba Tara mai ɗinkin bakin buhu ce a siton su Auta. Shekararta ashirin da shida. Lambar da ke jikin katinta na aiki ita ta zama sunanta, har wanda zai aure ta ma Tara yake ce mata. Ta yi shekara huɗu a daji cikin ƙungiyar masu tsattsauran ra'ayi, inda mijinta na farko ya mutu a wani farmaki. Ta yi shekara ɗaya a cibiyar gyaran hali. Shekara biyu ke nan tana ɗinke buhu. Kowa a siton ya san wannan.

Auta shi ne ɗan ƙarshe a wajen Alhaji mai siton. Shi ke kula da sikeli da auna danshin riɗi, kuma sunansa yana cikin takardun kamfani a matsayin darakta na biyu. Wata takwas ya yi yana fama da iyayensa kafin su yarda da auren.

Maganar ta taso ne ranar Talata da safe, a ofishin Alhaji da ke saman siton.

Su uku ne a ɗakin: Alhaji, Auta, da Ajan, wanda ke fitar musu da kaya a tasha. Ajan ya haura arba'in, matarsa ta rasu. Ya riga Auta neman Tara, ta ƙi shi.

A kan tebur akwai takarda mai shafi huɗu daga kamfanin da ke sayen riɗin a ƙasar waje. Gwamnatin can ta yi sabuwar doka, bayan wata shida ana kai ruwa rana tsakaninta da ta nan a kan harajin shigar da kaya. An rage harajin, amma an ɗora sharaɗi.

"Karanta masa tambaya ta goma sha huɗu," in ji Alhaji.

Ajan ya gyara tabarau. "Shin a cikin ma'aikatanku, ko iyalan daraktocinku, ko waɗanda daraktocin ke shirin aura, akwai wanda ya taɓa zama a cikin ƙungiyoyin da aka lissafa a baya? E ko a'a."

"Har da wadda ake shirin aura?" in ji Auta.

"Har da ita. Wanda ya rubuta dokar nan kamar a unguwarmu ya girma."

Ba wanda ya yi dariya.

"In muka ce e?"

"Ba za a sauke kayan ba. Shekara biyar kuma ko ƙwayar riɗi ɗaya ba za ku sayar musu ba."

Alhaji ya nuna tagar da ke kallon cikin siton. Daga can ƙasa ana jin ƙarar rariya da hirar mata.

"Ka leƙa ka gani. Mata sittin da uku. Rabinsu su ke riƙe da gidajensu. Ni ban ƙi yarinyar nan ba, Auta. A duk siton nan babu mai hannunta. Amma tun farko na gaya maka, abin da ya faru a daji ba ya tsayawa a daji."

"To ni sai in sauka daga darakta, Baba. Yau ɗin nan."

"Sun riga ka," in ji Ajan. "Dokar ta haɗa da duk wanda ya riƙe muƙamin a cikin shekara biyun da suka wuce."

Auta ya zauna. Ya sake miƙewa.

"Akwai ƙofa ɗaya," Ajan ya ci gaba, yana buɗe shafi na uku. "Ba a lissafa wanda aka sace aka kai da ƙarfi ba. Sai dai ya je gaban jami'in kotu ya rantse cewa sace shi aka yi, a haɗa da takardarsa ta cibiya."

Auta ya saki numfashi, har da dafa tebur.

"To ai shi ke nan! Me ya sa ba ka fara da nan ba? Sace ta aka yi. Yana rubuce a takardarta, da idona na gani."

Ajan ya dube shi ta saman tabarau.

"Gobe kafin ƙarfe huɗu ka kai ta," in ji Alhaji. "Jibi da azahar za a aika da amsa, kuma hannu biyu takardar ke so, nawa da naka. In ta rantse, aure yana nan daram. In ba ta rantse ba, za ta bar aiki, kai kuma ka bar ta, mu rubuta a'a da gaskiyarmu. Ban taɓa sa hannu a kan ƙarya ba, ba kuma zan fara da furfura ba."

"Me zai hana ta rantsewa, Baba?"

"Ni ma abin da na ce ke nan."

Auta ya sauko da gudu-gudu. Matan suna zaune layi-layi a kan tabarmi suna tsince riɗi, ƙura ta yi musu fari a gira.

"Ga ango nan!" in ji wata.

"A hankali, kar ka faɗo kafin ranar. Ba mu da wani na ajiya."

"Wai sikelin ne yanzu ya koma wajen masu ɗinki?"

Ya wuce su yana murmushi.

Tara tana ƙarshen siton, kusa da ƙofar lodi, buhu a tsakanin gwiwoyinta, basilla a hannu. Sauran masu ɗinkin miƙe suke tafiya su ƙulle a ƙarshe. Ita ba haka take yi ba. Takan yi gaba sau uku, ta dawo baya sau biyu, ta tura ƙullin ciki. Buhun da ta ɗinke ba a iya farke shi a mayar ba a gane ba. Masu sayen kayan sun taɓa rubuto takarda suna yabon ɗinkin, Alhaji ya karanta ta a gaban kowa.

Auta ya tsuguna ya gaya mata duka, da sauri, kamar mai kawo albishir.

"Rantsuwa da me?" ta tambaya.

"Da Alƙur'ani mana, kamar kowa. Minti biyar an gama. Ki ce sace ki aka yi, ki sa hannu, mu dawo."

Basillar ta tsaya a cikin buhun.

"Na san ba kya son a tono maganar," in ji shi, ya sassauta murya. "Ban taɓa tambayarki ba, ba kuma zan tambaye ki ba. Sau ɗaya kawai, Tara. Daga nan an rufe har abada."

"To, Mai Sikeli."

"Gobe ƙarfe biyu zan zo in ɗauke ki."

"To."

Aka kira shi wajen awo, ya tafi.

Bai daɗe da tafiya ba Ajan ya iso, jakar takardu a hammata. Ya tsaya a kanta.

"Sannu da aiki, amarya."

"Yawwa, sannu."

Ya sunkuya ya bi bakin buhun da babban yatsa, a hankali, daga wannan kunne zuwa wancan.

"Gaba uku, baya biyu, ƙulli a ciki," in ji shi, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Kafin in fara aikin tasha, shekara uku na yi ina magatakarda a siton sojoji. Duk abin da aka kwaso daga sansanonin daji ni nake rubutawa. Buhu mai wannan ɗinkin na ga ya fi dubu."

Ta ci gaba da kallon zaren.

"Matan da aka ceto su suka yi mana bayani. Wadda aka sato ba a ba ta basilla. Ko allura ba a barinta ta taɓa. Rumbun abinci na amintattu ne, waɗanda suka je da ƙafarsu."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da kika ɗinke buhunki na farko a nan. Shekara biyu ban buɗe baki ba."

"Me kake so?"

"Abin da na nema tun farko. Ni ba darakta ba ne, dokar ba ta san da zamana ba. Ki bar aikin nan, in riƙe ki, in riƙe Gwaggonki. Kayan Alhaji su tafi, matan nan su ci gaba da cin abinci."

"In na rantse fa? Za ka faɗa?"

"Wallahi ba zan faɗa ba. Ba haka nake ba. Amma ba ni kaɗai na yi aiki a wancan siton ba, kuma buhunanki suna bi ta hannun mutane da yawa kafin su shiga jirgi. Ranar da wani ya gane, ke rantsuwar ƙarya ce a kanki, Alhaji kuma ya rasa abin da ya yi shekara talatin yana ginawa."

Ya miƙe, ya kaɗe ƙurar wandonsa.

"Kin ga bambancina da ɗan masu gida? Ni na sani, kuma ina so. Shi wadda aka sace yake so."

Ta ɗinke sauran buhunan ranar, goma sha bakwai.

Laraba da hantsi ba ta je aiki ba. Tana zaune a bakin gado a ɗakin da suke haya ita da Gwaggo, yayar mahaifinta, wadda ta raine ta tun tana da shekara shida. Gwaggo tana goge mata mayafin da za ta sa.

"Wannan za ki sa. Mai duhun nan yana sa ki kamar mai zuwa ta'aziyya."

"Gwaggo, ba zan iya ba."

Gwaggo ta ajiye dutsen guga.

"Ba za ki iya me ba?"

"Ba zan dafa Alƙur'ani in ce sace ni aka yi ba."

Gwaggo ta je ta tura ƙofa, ta dawo ta tsaya a gabanta.

"Ke, saurara. Ranar da na je cibiyar nan, na tarar da ke kamar tsinke, ba kya iya ɗaga kai. Suka tambaye ni yaya aka yi, na ce sace min ke aka yi. Ni na faɗa, maganata aka rubuta. In zunubi ne, nawa ne, na ɗauka."

"Wancan naki ne. Na yau nawa ne."

"To ba sace ki aka yi ba? Yarinya 'yar shekara goma sha tara, mutum ya zo ya cika miki kunne da wa'azi, ya aure ki, ya ja ki. In ba sata ba, mene ne sunan wannan?"

"Ni na haɗa kayana, Gwaggo. Ni na sayar da 'yan kunnena na biya kuɗin mota. Shi ma fa da farko bai so in bi shi ba. Ni na nace."

"Yi shiru! Bango yana da kunne."

"Shekara uku ina shiru."

Gwaggo ta zauna a ƙasa, ta kama ƙafafunta. Hawaye ya zubo mata.

"Uwata, ki dube ni. Na tsufa. Shekara huɗu na yi ina kwana da ƙofa a buɗe ko za ki dawo. Maƙwabta suka daina gaishe ni. Yanzu Allah ya kawo mai sonki, ɗan mutunci, ba ya sha, ba ya yawo, shi ne za ki sa ƙafa ki shure? Kalma huɗu ce fa. Ki faɗa, ki dawo ki yi istigfari har ƙarshen rayuwarki. Ni zan taya ki."

"A can ma haka suke ce mana. Ki yi, Allah ya san zuciyarki."

Gwaggo ta saki ƙafafun.

Aka yi sallama a ƙofa. Hajiya ce, mahaifiyar Auta. Ba ta taɓa taka gidan ba. Ita ce ta fi kowa ƙin auren, wata takwas ba ta amsa gaisuwar Tara. Gwaggo ta goge ido da sauri ta shimfiɗa darduma, amma Hajiya a tsaye ta yi magana.

"Ba zama na zo yi ba. 'Yar nan, kin san ban so ki ba. Ba zan ɓoye ba. Amma yaron nan tun yana ƙarami in ya kafe a kan abu ba ya saki. Jiya ya ce min in aka raba ku zai bar gidan, ya bar siton. Mahaifinsa kuma hawan jini gare shi, tun jiya ruwa kawai ya sha."

"Allah ya ba shi lafiya, Hajiya."

"Lafiyar tana hannunki. An ce rantsuwa ce kawai a kan abin da ya faru. Ki daure ki je. Na san da ciwo, mace ce ni. In kika yi min wannan, wallahi daga yau ke 'yata ce, ba suruka ba."

Ta kama hannun Tara ta riƙe. Wannan ne karo na farko da ta taɓa ta.

"Za ta je, Hajiya," in ji Gwaggo. "Ga mayafi ma na goge."

Auta ya zo ƙarfe biyu daidai. A mota yana ta ba ta labarin ɗakin da ya sa aka yi wa fenti, wai mai fentin ya kawo shuɗi ya rantse kore ne. Ta yi murmushi inda ya kamata.

Ofishin rantsuwar yana ƙarshen wani dogon baranda a bayan kotu. Benci biyu, fanka ɗaya da ba ta aiki. Mutum huɗu ne a gabansu. Magatakarda ya ba su takarda, ya ce a cike kafin a kira. An riga an buga kalmomin, sunanta da sa hannunta kawai ake jira.

Auta ya miƙa mata biro. Ta karɓa ta riƙe.

Aka kira na farko. Aka kira na biyu.

"Mai Sikeli."

"Na'am."

"Me ya sa ba ka taɓa tambayata ba?"

"Don ba na son ki tuna."

"Ko don ba ka son ka ji?"

Ya juyo ya dube ta sosai.

"Ba sace ni aka yi ba," in ji ta. "Da ƙafata na je."

Ya yi 'yar dariya, gajeriya. "Tara, ba wurin wasa ba ne nan."

"Na yarda da abin da suke faɗa. Shekara biyun farko na yarda da shi gaba ɗaya. Ni ce mai riƙe da rumbun abinci a sansaninmu. A can na koyi ɗinkin da Baba ya yabe ni a kai."

"Takardarki ta cibiya…"

"Gwaggo ce ta faɗa musu haka. Ni kuma na yi shiru, don waɗanda suka je da kansu ba a sakinsu da wuri."

"Tilasta miki aka yi. Mijin ne. Kina yarinya, ba ki san…"

"Na sani. Kar ka gyara min. Kowa gyara min yake yi."

Aka kira na uku. Wata tsohuwa da ke kusa da su ta matsa gefe, tana kallon bango.

Auta ya sunkuyar da kai, ya haɗa hannuwansa. 

"Wata takwas. Na tsaya a gaban mahaifiyata na ce mata wannan baiwar Allah zalunta aka yi. Na rantse wa Baba. Na daina magana da yayata saboda ta kira ki da sunan da ba na so. Kina ji, kina gani, ba ki ce komai ba."

"Na yi niyya sau da yawa."

"Me ya hana ki?"

"Kai ne mutum na farko da ya dube ni bai ji tsoro ba. Na ce bari in ƙara kwana ɗaya. Kullum kwana ɗaya."

Hawaye yana zuba a fuskarta, ba ta share ba. Shi bai yi kuka ba.

"Kin kashe wani?"

"A'a. Ban taɓa riƙe bindiga ba. Amma waɗanda suka riƙe, ni nake auna musu abinci."

"Kin kira wata ta je?"



"Ɗaya. Ƙawata ce, tare muka yi makaranta. Na yi mata waya na ce ta zo, akwai kwanciyar hankali."

"Tana ina?"

"Ba ta dawo ba."

Aka kira na huɗu. Ƙarfe uku da rabi ta wuce.

Auta ya miƙe, ya je ƙarshen barandar, ya tsaya yana kallon motocin da ke harabar. Ya dawo da sauri ya tsuguna a gabanta.

"Sa hannu."

"Me ka ce?"

"Sa hannu, Tara. Ban ji komai ba. Ba ki faɗa min komai ba. Mu gama da wannan, kaya su tafi, sauran maganar mu yi ta a gida ni da ke. Don Allah. Don girman Allah."

"Ajan ya sani."

"Ajan?"

"Ya gane ɗinkin tun ranar farko. Ya ce wasu ma za su iya ganewa. In ta fito bayan na rantse, Baba ne zai faɗi, da matan nan duka."

"Ajan ya sani, ni ban sani ba."

"Ban gaya masa ba. Gani ya yi."

"Ni kullum buhunan nan a hannuna suke. Ni nake ɗora su a sikeli."

Tara ta dubi takardar da ke hannunta.

"Kuma ko da ba wanda zai gane," in ji ta daga baya, "ba zan dafa ba. Na taɓa rantsuwa da shi sau ɗaya a daji, a kan abin da na ɗauka gaskiya ne. Ba zan sake dafa shi a kan abin da na san ƙarya ne ba. Shi kaɗai ya rage min."

"Ni fa? Ni ban rage miki ba?"

"Kai za ka faɗa."

Magatakarda ya leƙo. "Na gaba! Ku ne? Saura minti goma mu tashi."

Tara ta ajiye biron a kan bencin, ta ɗora takardar a kai.

"Malama, za ki shiga ko ba za ki shiga ba?"

"Ba zan shiga ba. Ka yi haƙuri."

Auta ya mayar da ita gida. Tafiyar minti ashirin ce. Da ta fita, ya ja motar kafin ta rufe ƙofar da kyau.

Alhamis da ƙarfe takwas na safe Tara ta je siton, ta hau ofis, ta gaya wa Alhaji abin da ta gaya wa ɗansa. Ya saurara har ta gama. Ta ajiye katinta da basillarta a kan tebur.

"Da kin rantse, da ban taɓa sani ba," in ji shi.

"Haka ne, Baba."

"Allah ya yi miki albarka. Amma ba zan iya riƙe ki ba, ba kuma zan iya ba ki ɗana ba."

"Na sani."

Ta sauko ta bi ta ƙofar lodi, don kar ta ratsa ta cikin matan.

Ƙarfe tara Alhaji ya rubuta a'a a gaban tambaya ta goma sha huɗu, ya sa hannu. Amsar za ta zama gaskiya ne kawai in darakta na biyu ya janye maganar aurensa. Aka aika a kira Auta wajen sikeli, ba ya nan. Hajiya ta ce ya fita tun da sassafe bai karya ba. Wayarsa a kashe.

Ƙarfe goma sha ɗaya kawun Ajan ya yi sallama a gidan Gwaggo, shi da wani dattijo. Gwaggo ta shimfiɗa musu darduma a tsakar gida. Suka ce sun san ba lokacin da ya dace ba ne, amma ɗansu ya ce a zo a shaida cewa maganarsa ta neman aure tana nan, kuma ya san komai. Gwaggo ta shigo ɗaki ta rufe ƙofa.

"Uwata, me zan ce musu?"

Tara tana tsaye a bakin taga. Ba ta juyo ba.

"Gwaggo, zo ki gani."

A bakin layin, kusa da shagon mai gyaran waya, motar Auta ce a tsaye. Injin yana aiki. Gilashin a rufe yake, amma ana ganin mutum a ciki, hannuwansa biyu a kan sitiyari.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin baƙin su zo."

Wayar Tara ta yi ƙara. Alhaji ne. Ya ce saura awa ɗaya da rabi a rufe karɓar amsa, Ajan yana zaune a gabansa yana jiran takardar, in ta san inda Auta yake ta faɗa masa don Allah.

"Yana nan bakin layinmu, Baba."

"Wajenki ya zo?"

"Ban sani ba. Bai fito ba."

"To me yake yi?"

"Yana zaune."

Daga tsakar gida kawun Ajan ya yi gyaran murya. Gwaggo ta dubi ƙofa, ta dubi taga.

Ƙarfe goma sha biyu da kwata Auta ya kashe injin. Ƙofar motar ba ta buɗe ba.